Mai Kwayil da Ƙugin Jita

Duk ranar da aka tashi rubuta tarihin kiɗa a duniya, in dai marubutan masu tsoron Allah ne, dole su ware wa Mai Kwayil babi guda, domin shi ne mutumin da ya kashe ƙugin jitar lantarki da hannunsa. Haka yake faɗa, kuma kaf layinsu ba wanda ya taɓa musa masa, saboda ba wanda ya san abin da yake nufi. Shi kansa, kafin shekarar da abin ya faru, bai taɓa riƙe jita ba, yanzun ma in ya riƙe ta sai ka rantse jaririn maƙwabta aka miƙa masa.

Sana'arsa naɗin kwayil. In fanka ta ƙone, ko injin jan ruwa ya fara warin ƙauri, sai a kawo masa ya buɗe cikin, ya warware ƙonanniyar wayar jan ƙarfe, ya naɗa sabuwa. Ya koya tun kafin gemu ya tsiro masa, a wurin wani ubangida mai saurin hannu wajen naɗi, mai saurin hannu wajen mari. Daga can ya fito da ƙwarewa, da kunnen hagu da ba ya ji sosai, da kuma wata aƙida cewa duk abin da ke duniya kwayil ne, in ka ga ya tsaya to wani wuri ne ya ƙone a ciki. Da wannan aƙida yake fassara ciwon baya, da rikicin dangi, da halin 'ya'yan zamani.

Shagonsa ƙofa ɗaya ce, taga ɗaya, da labule a tsakiya. Bayan labulen matarsa ce, tela, wadda yake kira Maman Auta, ita kuma tana ce masa Baban Auta, sai in tana son tsokana ta ce Injiniya. Farkon aurensu shi ya ba ta wani ɗan lungu kusa da taga, don kyauta da nuna isa, ta ajiye kekenta na takawa da ƙafa. Duniya ta yi ta juyawa. Mutane suka daina gyara fanka, in ta ƙone sai su jefar su sayi wata, amma har yau ba a samu wanda ya daina sa riga ba. Saboda haka labulen ya riƙa tafiya a hankali, taku bayan taku, kullum ta ɓangare ɗaya. Mai son sanin tarihin auren nan ya dubi ramukan ƙusa a bango, suna nan a jere.

Abin da ya rage masa shi ne tebur. Katako ne mai kauri, duk jikinsa tabon ƙarfen dalma, yana da aljihu ɗaya da ba ya buɗuwa sai an doke shi da gwiwa. A kansa ya naɗa kwayil ɗin da ya ciyar da yara har suka yi aure. Ƙarƙashinsa gawarwakin fankoki ne da masu su suka ce za su dawo.

Doka ɗaya ce ke riƙe da zaman lafiyar shagon, kada kowa ya taɓa kayan aikin kowa. An kafa ta ne tun ranar da Mai Kwayil, cikin ƙauna, ya ɗaura wa keken matarsa motar tsohuwar fanka, wato ɗan injin da ke juya ta, don ya hutar da ƙafarta. Keken ya tashi da gudu ya ɗinke hannun rigar wata mata da wuyanta kafin a kai ga cire waya daga bango. Shi ma ya kawo nasa ƙorafin, cewa filayarsa ta taɓa kwana a cikin kwandon zare. Aka yi sulhu, kowa ya tsaya a gefensa na labule.

Wata safiya ya ɗago kai ya ga Maman Auta ta tsallako da tef ɗin awo a wuya, tana auna tsawon teburinsa. Ya tambaye ta me take aunawa. Ta ce iska. Daga baya, da ta ga ya ƙi shan shayinsa, ta zauna ta yi masa bayani da lallami. Ƙaninta, wanda ke dillancin kekunan ɗinki, ya samo mata babban keke mai fitar da ado a wuyan riga, zai iso ƙarshen wata, kuma ba shi da wurin zama sai inda teburin yake.

"Ka yi wa duniya aiki, Baban Auta," in ji ta. "In akwai aiki a kan teburin nan, wallahi ba mai ɗaga shi. Amma in fankokin nan ne da suka riga mu gidan gaskiya, ka koma gida ka huta."

Mai Kwayil ya san hutun da ake nufi, kujera a ƙofar gida da rediyo, da gaisuwar masu wucewa. Ya ce zai yi tunani. Ya kwana biyu yana goge fankokin da tsumma don su yi kama da aiki.

Ana cikin haka sai ga wani dogon saurayi da jaka a baya kamar mai ɗauke da gawar agwagwa. Malamin kiɗa ne, kowa Ticha yake ce masa, yana koyar da jita a wani ɗaki a saman shagon taya. Ɗalibansa duk 'yan koyo ne, akwai direban bas, da ma'aikaciyar jinya, da wani dattijo da ya yi ritaya ya ce ba zai mutu bai kaɗa waƙa ɗaya ba. Dukansu jita mai araha suka saya, irin wadda ke zuwa a kwali da 'yar lasifikarta. Ticha ya ce katakon ba laifi, tsirkiya ma ana canzawa. Matsalar tana wurin wasu 'yan siraran akwatuna biyu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, ɗaya ta wajen wuya ɗaya ta wajen gindi, waɗanda ke ɗaukar motsin tsirkiya su aika wa lasifika. Masu kiɗa fikof suke ce musu. Na jita mai araha muryarsu kamar sauro a gwangwani, ga wani ƙugi da ba ya yankewa ko ba a taɓa komai ba. Ɗalibi sai ya yi ta zargin yatsunsa har ya jingine jitar bayan ƙofa. Masu kyan kuwa, guda ɗaya ya fi jitar gaba ɗaya tsada. An ce masa akwai wani baba a nan da ke naɗa waya.

Mai Kwayil ya sa wuƙa ya ɓalle murfin ɗaya. A ciki ya ga maganaɗisu a ƙasa, da jar waya siririya kamar gashi an naɗe ta a gaggauce, sako-sako, kaɗan ma aka sa. Ya cire tabarau ya goge. Shekara da shekaru yana faɗa wa mutane duk duniya kwayil ce suna yi masa kallon tsoho, yau ga shi har a cikin kiɗa. Ya ce wa Ticha wannan ai kunne ne, kuma an yi masa rowar waya, shi ya sa ba ya ji. Tun daga ranar kunne yake ce masa. Ticha ya bar masa jitar direba a gwada, ya ce in ta yi kyau, ta duk ajin tasa ce, da ta ajin da zai biyo baya.

Wayar da ake buƙata ta samu a kasuwa. Abin naɗin ne ya gagara. Injin naɗinsa na fanka ne, hannunsa nauyi gare shi, da ya juya sai wayar ta tsinke. Da Ticha ya leƙo ya ga halin da ake ciki, ya ce shi dai ya taɓa ganin ana liƙa irin wannan kunne a jikin wilin keken ɗinki, ana takawa yana naɗewa. Su biyun suka juya suka kalli labule. Ƙarar keke ta tsaya a bayansa, wata murya ta ce a'a, ƙarar ta ci gaba.

Washegari Maman Auta ta tafi sayen yadi. Mai Kwayil ya leƙa titi hagu da dama, ya ɗaga labule, ya shiga ƙasar da rabonsa da ita tun zamanin motar fanka. Ya liƙa kunnen a jikin wili, ya ɗora ƙafa ya taka. Wilin ya juya lafiya lau. Abin da bai sani ba, keken takawa yana da gaba yana da baya, kuma duk wanda bai iya ba, baya yake kai shi. Shi dai ya ga waya tana hawa sumul, yana riƙe da ita tsakanin yatsu biyu yana kai ta yana dawo da ita, zagaye dubbai, har kunnen ya cika ya yi ƙiba. Ya goge kujerar, ya mayar da ƙyallen rufi yadda ya same shi, ya koma gefensa ya zauna da fuskar mutumin kirki.

Da ta dawo ya nuna mata, ya ce da hannu ya naɗa. Ta juya abin ta duba, ta ce sannu da ƙoƙari. Sannan ta ce ya kawo na biyun, ba za ta zuba ido yatsunsa su ƙage ba, ita za ta taka shi ya riƙe waya, amma ƙafarsa ba za ta hau mata keke ba. Ya yi godiya kamar wanda bai taɓa ganin keken ba.

Saura maganaɗisu. Guda biyu ne, kowanne sanda mai fuska biyu, kuma Mai Kwayil mutum ne mai tsari, ya shafa alli a fuskar da za ta kalli sama ya jera su a kan tebur, ya fita sayen kyandir, don Ticha ya ce a tsoma kunnen cikin narkakken kaki kada ya yi tsuwwa. Fitarsa ke da wuya gwangwanin allurai ya kife a bayan labule. Duk telan da ya taɓa tsintar allura da hannu ya san abin da ya biyo baya. Hannu ya ratso labule, ya ɗauki maganaɗisu ɗaya, ya share ƙasa da shi tas, ya goge shi a gefen zane, ya mayar. Mai Kwayil ya dawo ya ga ɗaya babu alli. Ya ce tsufa dai ba ya sallama, ya liƙa shi yadda ya same shi a kwance.

Ranar gwaji ya sa rigarsa ta zuwa suna ya hau benen shagon taya. Ɗakin yana warin roba, ɗalibai na zaune a kan benci kowa da jitarsa a cinya. Ticha ya jona jitar direba. Akwai wani ɗan makunni a jikinta, in an tura shi gaba kunne ɗaya ke aiki, in an ja baya ɗayan, in an tsayar a tsakiya duka biyun. Ya tura gaba ya kaɗa, murya ta fito cikakkiya mai kauri, direba ya washe baki, sai dai ƙugin yana nan a ƙasa. Ya ja baya, haka. Ya tsayar a tsakiya, sai ɗakin ya yi tsit. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila ko wuta aka ɗauke. Ticha ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi ƙara garau kamar an ɗiga ruwa a kwano, ta mutu a hankali, ba abin da ya biyo bayanta.

"Baba," in ji Ticha, "ashe ka san wannan dabarar? Ai ita ce ake..."

"Yaro," in ji Mai Kwayil, "tun kafin a yaye ka nake naɗa waya."

Da wannan magana ya rufe bakin mutum ɗaya tilo a unguwar da zai iya gaya masa abin da ya yi. Ya sauko daga bene da jita uku a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar layi don kowa ya gani, ya jibge su a kan tebur da ƙarfi yadda za a ji a bayan labule.

Jita ta biyu an yi mata aiki na ƙa'ida. Maman Auta ta taka duka kunnuwan biyu, alli na kallon sama a kowane maganaɗisu, ba a tsallake komai ba. Aka jona, muryar ta yi daɗi, aka tsayar da makunni a tsakiya, sai ƙugi kamar an buɗe amyar zuma. Ta uku ma haka. Ticha ya sosa ƙeya ya ce da ladabi, Baba a dai yi irin na farkon, ɗalibai duk shi suke so, in ba zai samu ba sai ya haƙura ya sa su tara su sayi na kanti ko da a shekara ne.

Mai Kwayil ya shiga bincike. Waya iri ɗaya ce, mitarsa ta gwajin waya ta nuna awo ɗaya. Ya koma shagon da ya sayi kyandir na farko. Ya sake sa rigar da ya sa ranar. Ya nemi direba ya ba shi jitar ya buɗe ya duba, direba ya ce ko matarsa ba ta taɓa ta balle wuƙa. Tambayar Ticha kuwa ba ta taso ba, mutumin da ya naɗa waya tun kafin a yaye yaro ba ya komawa wurin yaron neman darasi. Ana haka ƙanin Maman Auta ya leƙo da nasa tef ɗin, ya gaishe shi da mijin yaya mawaƙi, ya tambaya ko teburin za a sayar ne ko za a kai gidan tarihi, ya ce keke na hanya.

Da azahar, suna cin abinci a kwano ɗaya kowa a gefensa na labule, Maman Auta ta tambaye shi, ba tare da ta dube shi ba, ko akwai abin da ya bambanta na farkon da sauran. Ya ce babu. Ta ce shi wannan kunnen da ya ce da hannu ya naɗa fa? Ya haɗiye lomarsa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Da hannu ne," in ji shi. "Da ɗan taimakon ƙafa."

"Na sani, Injiniya. Na dawo na tarar zare ya cukurkuɗe a ƙasan allura kamar sheƙar tsuntsu. Keke ba ya yin haka sai an taka shi da baya. Ko takawar ma ba ka iya ba."

Ya gyara zama yana jiran ruwan faɗa, ya riga ya tanadi hujjojinsa. Faɗan bai zo ba. Ta juya cokali a kwano. Can ta tambaye shi ko allin da yake shafa wa ƙarafunan nan yana da wani amfani ne, ko ado ne. Ya ce alli shi ne ke nuna sama da ƙasa. Ta ce to, akwai yiwuwar wani ya ari ɗaya ya tsince allura, kuma akwai yiwuwar bai lura da ta inda ya kwantar da shi ba.

Mai Kwayil ya miƙe tsaye. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa samun gaskiya tsantsa a hannunsa irin ta yau ba, ya buɗe baki zai yi jawabi a kan doka da amana. Ta nuna masa keke da cokali. Ya koma ya zauna.

Suka kwance jita ta biyu a ranar. Shawarar ita ce a maimaita laifuffukan biyu daidai yadda aka aikata su, kunne ɗaya a naɗa shi da baya, a kuma kife maganaɗisunsa. Nan wata matsala ta ɓullo. Maman Auta ta hau keke za ta taka da baya, ƙafarta ta ƙi. Ta gwada ta sake gwadawa, da wili ya yi rabin juyi sai ƙafar ta gyara shi da kanta, don tun tana budurwa take hana keke komawa baya. Ta sauka tana tsaki, ta cire allurar keken, ta dubi mijinta ta ce ya hau, tunda shi Allah ya yi wa baiwar. Ya hau a gaban idonta, da rana tsaka, da izini. Ya taka, wili ya tafi baya ba gardama, ita kuma ta riƙe waya.

Aka liƙa, aka tsoma a kaki cikin gwangwanin madara, aka jona a 'yar lasifikar da Ticha ya bar musu. Mai Kwayil ya juyo da kunnensa na dama ya tsayar da makunni a tsakiya. Ba a ji komai ba sai mai gyaran taya yana buga ƙarfe daga nesa.

Da Ticha ya zo karɓa, Maman Auta ce ta tambaye shi dalili, tunda ita ba ta taɓa cewa ta girme shi a naɗin waya ba. Ya ce kowane kunne yana kwaso ƙugin wutar da ke cikin bango tare da kiɗan. In an juya naɗin ɗaya, ƙugin wannan sai ya ci karo da na wancan su kashe juna, in kuma an kife maganaɗisun, kiɗan sai ya tsira ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Ya ce sananniyar dabara ce, masu ƙera jita suna yi tun kafin a haife shi. Ya faɗi wannan ta gefen hagun Mai Kwayil.

Yanzu aiki ba ya yankewa. Ɗaliban Ticha sun gaya wa wasu ɗalibai, kowane mako sai ka ga wani ya shigo layin da jaka a baya yana tambayar shagon baba mai kunne. Dattijon nan mai ritaya ya kaɗa waƙarsa ɗaya, ana jin kowane kuskure garau, kuma ya ce bai taɓa jin daɗi irin haka ba. Mai Kwayil yana karɓar baƙi da bayani a kan yadda tunanin ya zo masa, kuma labarin yana ƙara tsawo kamar naɗin waya.

Babban keken ya iso a ƙarshen wata kamar yadda aka ce. Aka ajiye shi inda tsohon keken yake, tsohon kuma aka tsallako da shi gefen Mai Kwayil tunda nan ne aikinsa, keken ya mamaye daidai inda kujerar Mai Kwayil take. Labulen ya zama ba shi da abin rabawa, Maman Auta ta sauke shi ta ɗinka jakunkunan jita da shi, sun kuwa samu kasuwa. Ƙaninta ya nannaɗe tef ɗinsa ya tafi ba tare da tebur ba, abin da Mai Kwayil ke ambata har gobe a matsayin babbar nasarar rayuwarsa.

Teburin yana nan inda yake, ko taku ɗaya bai motsa ba. Da yake ya fi kowane faɗi a shagon, a kansa Maman Auta ke yanka yadi. Mai Kwayil yana zama a gefe, a kan bokitin fenti.